Hannun Hagu

Ranar Talata jirgin ruwan asibiti ya iso tsibirinmu,
yayyafi na sauka kamar mai jin kunya.
A nan Quehui, can kudancin Chile,
watan Afrilu ne ƙofar sanyi.
Mun gama haƙar dankali, mun jibge itace a bayan ɗaki.

Belarmino ya ce shi kam ba inda za shi.
"Shekara hamsin ina kokawa da teku,
sai yanzu mura za ta kayar da ni?"
Ban tanka masa ba.
Na yafa mayafin ulu, na gangara ni kaɗai.

Yasna, malamar jinya, jikar ƙawata ce.
Ta tambaye ni, wane hannu?
Na ce hagu, 'yar nan, dama na da aiki,
akwai safar da ban gama saƙawa ba.
Shekarata saba'in da takwas,
amma na runtse ido kamar ɗan yaye.
Tsinin ya shiga, ya fita.
Ƙayar kifi ma ta fi shi mugunta.

"Doña Eduvigis, wataƙila ki ji jiki yau da gobe.
Sha ruwa da yawa, ki riƙa motsa hannun.
In abin ya zarce kwana uku,
ko numfashi ya yi miki wuya, ki aiko."

Kafin rana ta faɗi
hannun ya yi nauyi kamar an ɗaura masa anga.
Wurin ya tasa, ya yi ja, yana zugi.
Sai sanyi ya ratsa ƙashi,
bargo uku, haƙora na ta karo da juna.

"Ai ga irinta nan," in ji Belarmino,
"kin taka da ƙafarki kin karɓo ciwo kyauta."
Yana mita yana tura itace a murhu,
yana mita yana jiƙa tsumma ya ɗora mini a dantse.
Ya ba ni ƙwayar da Yasna ta ce,
da ruwan zafi da zuma.
Miyar da ya dafa kuwa, ko kare ya ƙi ta.

Tsakar dare na farka jiƙe da gumi,
na gan shi zaune, bai runtsa ba,
yana kallon tagar gidan Nicanor,
inda fitila ba ta sake ci ba tun bara waccan.
Da tari ya fara, shi ma,
ya ce mura ce, ta saba zuwa ta wuce.
Ta gangara ƙirji.
Iska ta hana jirgi tashi kwana huɗu.
Da katakon da ya tanada don gyaran kwalekwale
mijina ya haɗa masa akwati.

Na ce, "Malam, wannan zazzaɓin baƙo ne,
ya zo da ranar komawarsa.
Na Nicanor ne ya zo ya karɓe gida."
Bai ce komai ba. Ya gyara mini bargo.

Laraba na wuni kwance, jiki kamar an daka.
Alhamis na nemi shayi da burodi,
na ɗaga hannun har ya taɓa igiyar shanya.

Juma'a jirgin ya biyo ta wajenmu zai koma Castro.
Belarmino ya ɗauki hularsa,
wai zai je duba igiyar kwalekwale.
Igiyar da ya duba da safe.
Ta taga na hango shi a bakin gaɓa,
ya naɗe hannun riga tun kafin a tambaye shi.

Ya dawo yana tallafe da dantse kamar mai ɗauke da ƙwai.
A daren nan nishinsa
sai da ya kori kare daga ɗaki.
Na ƙara itace, na jiƙa tsumma,
ban ce ai ga irinta nan ba,
ko da yake maganar ta zo har bakin leɓe.

Na zauna kusa da shi na ƙarasa safar.
Dama tasa ce.