Wutar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Barira ce ta dawo daga boko da hoto a littafi:
wani dutse ya yi aman wuta har ya gaji,
bakinsa ya huce, damina ta cika shi,
ya zama tafki, shuɗi kamar karofi.
Ta ce, "Baba, yaushe za ka kai mu?"
Na laluba aljihu, na dubi fuskarta,
na ce, "Asabar, in da rai, za mu ga ruwa."

Na san babu dutsen wuta a ƙasar Daura.
Tamu wutar daga gabas take ɓullowa kullum,
ba ta taɓa gajiya da aman ba.
Amma akwai dam can bayan gari,
akwai turbar da shanu da masunta suka share,
wadda ko ɗan yaye zai iya takawa.

Hindatu ta ɗaure dambu a kwanon sha,
da ƙuli, da gorar zoɓo mai ƙanƙara.
Inna ta ce ba za a bar ta gadin gida ba,
ta ɗauko sandarta ta riga mu hawa Kurkura.
Tasi'u, shekara uku, sabon silifa,
tun a Ƙofar Gabas yake tambaya ko mun kusa zuwa.

Muka sauka rana ba ta yi ƙwari ba.
Turbar ta bi gindin goruba, ta kauce wa ƙaya,
ta ratsa fagen albasa
inda injin ban-ruwa ke tarin asuba.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai bin bashi.
Wani masunci ya kifa ciki a kan gora,
yana tafe, ba ya ko motsa bado.
Ƙarangiya ta kama wandon Tasi'u,
ya tsaya yana mata faɗa,
mu muna dariya, Hindatu na cirewa.

Barira kuwa ba ta yi dariya ba.
Ta buɗe littafi, ta dubi dam, ta sake duba littafi.
"Wannan ai ruwan kunun kanwa ne.
Ina shuɗin? Ina bakin dutsen?
Baba, ba wutar da ta taɓa ci a nan."
Na rasa ta cewa. Na shiga gyaran hula,
abin da uba ke yi in amsa ta gagara zuwa.

Inna ce ta zauna a saiwar gawo, ta miƙe ƙafa,
ta nuna tsakiyar ruwa da bakin sanda.
"Kin ga inda agwagin nan ke juyi?
Kafin a tare rafin, nan bukkar gonarmu take.
Duwatsun murhun gyatumata uku suna nan ƙasa.
A kansu na fara ƙona tuwo,
a tokarsu muka gasa gyaɗa da makani.
Ke ce dai ba ki gan ta ba, 'yar nan,
amma wuta ta ci a nan,
kafin ta huce, a rufe ta da ruwa."

Barira ta yi shiru. Ta matsa bakin gaɓa,
ta tsuguna har laka ta taɓa gefen hijabinta,
tana leƙen abin da ido ba ya kaiwa.

Ba mu gama zagayen ba.
Gwiwar Inna ta ce a nan za ta tsaya,
zoɓo ya ƙare, ƙanƙarar ta zama tarihi,
silifa ɗaya ta zauna a taɓo, ta ƙi biyo mu.
Na saɓo Tasi'u, barcinsa ya fi shi nauyi,
yawunsa na bin wuyan rigata.

Da dare na ga fitila a ɗakin yara.
Barira ce, ruf da ciki a tabarma, da fensir,
ta zana dam, ta zana zalɓe da ƙafarsa ɗaya,
can ƙasa kuma duwatsu uku da tukunya,
hayaƙi na tashi ta cikin ruwa.