Kashe Ƙyalli

Da rana, a garejin Suwame,
aikina sa motoci ƙyalli:
in goge, in fesa, in sake gogewa,
har mai mota ya ga haƙoransa a jikin ƙofa
ya ƙara mini sidi ashirin.
Da dare kuwa, a ɗakina a Aboabo,
ƙyallin nake bi ina kashewa.

Tankar yaƙi ce, ba ta kai takalmin 'yata Lariba tsawo ba.
A kayan gwanjo na tsince ta a Kejetiya,
guntaye ɗari biyu da 'yan kai, ɗaya ya ɓata,
na fiƙe marfin biro ya maye gurbinsa.
Wata uku ina ɗaura mata sarƙa da matsefata,
sannan na shafe ta da kore,
koren kontomire da ya kwana a tukunya.

Sajan Gariba, maƙwabcina, ya yi Labanan sau biyu.
Ya duƙa, ya dube ta, ya ja tsaki.
Ya ce, "Yaro, wannan motar biki ce.
A can, abin da ya yi walƙiya shi ake fara harbi."

Na sayo gwangwanin kashe sheƙi wurin Boakye.
Ya ce kar in fesa in an yi ruwa.
A ranar aka kwana ana ruwa,
bango na zufa, ashana ta ƙi kamawa,
ni kuma hannuna na ƙaiƙayi.
Na fesa.

Da asuba na tarar ta yi furfura,
fari fat, kamar an barbaɗa mata garin rogo.
Laima ta shiga tsakanin fenti da fenti ta kwanta.
Don in tabbatar ko ta bushe, na taɓa,
sai ga babban yatsana a gefen bindiga,
zane-zane, kamar na dangwala ƙuri'a.
Shekara goma sha tara ina riƙe da bindigar fenti,
ga ni na yi ɓarnar da zan kori yaron shago a kanta.

Gyara ba ya son mai fushi.
Na jira rana ta fito, kwana huɗu.
Na jiƙa samfefa mafi laushi,
na bi sawun yatsan a hankali
yadda ake share wa jariri hanci.
Furfurar kuwa maganinta abin dariya:
sai ka mayar da ƙyallin da kake gudu,
shafi ɗaya siriri, ya narkar da farin,
ka ƙyale ta ta yi ta walƙiyarta har jibi.

Sannan gwangwani a ruwan ɗumi,
girgiza, ina ƙirgawa har ɗari biyu.
Taƙi guda tsakanina da ita.
Fara fesawa a iska, wuce ta kanta, ƙare a iska,
kar ka tsaya, kar ka koma duba.
Ina kallo hasken ya janye daga jikinta
kamar ruwa a ƙasa mai ƙishi.
Ta yi nauyi. Roba ta zama ƙarfe.

Akwai ɗigo guda da ya daskare a ƙarƙashin ciki.
Ni kaɗai na san da shi. Na bar shi.

Sajan ya ɗauke ta da hannu biyu,
ya juya ta gaban fitila yana neman haske, bai samu ba.
Ya daɗe shiru.
Can ya ɗora farce a kan ƙaramin murfin gaba,
ya ce, "Namu ba irin wannan ba ce,
amma nan Salifu yake zama.
Buɗe mini."

Na riga na liƙe murfin da gam.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya, an ɗauke wuta,
Lariba na riƙe mini tocila tana hamma,
ni da sabuwar reza ina bin bakin murfin.
Fentin zai kwaile, na sani.
Da sauran kore a kwalba.