Shirun Ɗaki

Ni ne mutumin da ba a gani.
Sandar makirfo a sama, hannu biyu a ɗage
kamar mai addu'ar da ya manta ya shafa.
Inuwata ta faɗa cikin hoto, a daka mini tsawa;
ba ta faɗa ba, ba wanda ya san na zo.

Mai Wurno ta haife ni, Umdurman ta koya mini saurare,
yaƙi ya watso ni Bur Sudan
da jaka ɗaya, wayoyi a cukurkuɗe,
da faifan ajiya naɗe a tsohon zanen Inna.

A nan aiki ɗan kwana uku ne.
Ya zo da gudu, ya tafi bai yi sallama ba,
kuɗinsa na biye a ƙafa, yana ɗingishi.

Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa
a kujerun roba na Hajja Batul mai gahawa,
mu marasa ofis, marasa fansho:
Siddiƙ mai fitila, Tajuddin da kyamarar haya,
da Ustaza Ikhlas, wadda ta shekara ashirin
tana tace hoto a gidan talabijin
har bakinta ya koyi yanke abin da ba ya da amfani.

Ita ke riƙe da littafin.
Shafin dama, masu biya.
Shafin hagu, masu "gobe in sha Allah",
kuma hagun ya fi kauri.
Ta ce: rabin kuɗi kafin ka warware waya.
Ta ce: a rubuta, ko a bayan kwalin shayi ne,
baki ba ya sa hannu.
Ta ce: tsaya ka ga sunanka a ƙarshen shiri.
Na tsaya. Sau biyu an ci mini harafi ɗaya a Mudassir,
na uku ina cikin "da sauransu".

Sai ga baƙo daga wata tashar ƙetare,
ya ji ina da muryar garin da ya yi shiru.
Dala ɗari uku, faifan duka, har abada.
Mai gida na bina hayar wata biyu,
takalmina ya buɗe baki yana taya shi.

Na sa abin ji a kunne daren nan.
Ga kasuwa da hantsi, ga mai lemo yana rantsuwa,
ladanai uku suna taka sawun juna,
injin kwalekwale yana tari a bakin Nilu,
can a minti na tara
Attahiru ƙanena ya yi dariya,
bai san ina ɗauka ba.
Wata goma sha huɗu lambarsa ba ta shiga.

Da safe Ustaza ta ture kofinta gefe.
"Nono ake sayarwa, ɗan nan, ba saniya ba."
Ta ja takarda: shiri ɗaya, shekara biyu,
suna cikakke, harafi bai ɓace ba.
Baƙon ya murtuke, ya fita, ya yi waya, ya dawo.
Na ba shi kasuwa, na ba shi kogi.
Minti na tara ba ya cikin ciniki.

Yanzu Tamadur ke ɗaukar mini jaka,
shekararta sha tara, kafaɗarta na rawa a ƙarƙashin sanda.
Na fara mata da littafin Ustaza,
sannan abin da ba ya rubutuwa:
in an gama fitowa, kar ki bar kowa ya motsa.
Roƙi minti ɗaya. Kowane ɗaki da irin shirunsa,
mai tacewa zai nema don ya ɗinke magana da magana.

Jiya ta gwada, muryarta ƙarama.
Darakta ya tsaya da sigari bai kunna ba,
jaruma ta riƙe numfashi.
Fanka, kuda, jirgin ruwa can nesa a tasha.
Ta dube ni.
Na ɗaga mata yatsa: saura daƙiƙa ashirin.