Abu na Huɗu

Ƙarfe goma aka ce, ran Talata.
Sha ɗaya da rabi shugaba ya shigo
yana fifita da hularsa.
Janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama,
fanka ta soma kwasar zafi
daga wannan kusurwa tana kai wa waccan.

Ni ne mai rubutu.
Shekara tara ina ƙarshen tebur,
inda ƙafar benci ta gutsure aka tokare da bulo.
Ba a tambayata ra'ayi,
sai dai a ce, Barau, ka rubuta?

Abu na ɗaya, addu'a.
Liman ya yi tasa, fasto ya yi tasa,
kowa ya ce amin da harshen gidansu.

Abu na biyu, rumfunan kasuwar Kuje.
Kansila Shekwolo ya rantse arba'in aka gina,
mai haraji ya ce sittin da uku yake yanka wa rasit.
Aka yi dariya har da tafawa.
Na rubuta: za a bincika.

Abu na uku, bolar bayan firamare,
wadda awaki ke hawa
su hango motocin da suka nufi Gwagwalada.
Motar shara na kwance a gareji,
takardar tayarta ta tafi neman sa hannu
tun kafin azumi.

Sai tsohon abokina, abu na huɗu:
kwalbati.

Na fara rubuta shi da biro shuɗi
lokacin 'yata Kande na goye.
Yau ita ke karanta min saƙo a waya
in tabarau ya ɓace.
Shugabanni uku sun gaje shi, sun bar shi gado,
fayil ɗinsa ya yi tumbi,
an ɗaure shi da tsumman atamfa.

Taswirar da ke bango ba ta san unguwar ba.
Inda ta nuna gonar doyar Baba Jatau,
bene ne yanzu, da kemis,
da yarinya mai cire kuɗi ƙarƙashin laima.
Gari ya fi ƙarfin wandonsa,
mu kuwa muna nan muna auna ƙugu.

Injiniya ya miƙe ya ce siminti ya tashi.
Ma'aji ya duba silin.
Madam Ayenajeyi ta buga tebur:
bara ruwa ya tafi da buhun garinta biyu
da takalmin ɗan makaranta, ƙafa ɗaya.
Shugaba ya ce, sannu ba ta hana zuwa.
Wani daga baya ya ƙarasa masa a hankali,
sai dai a daɗe ba a je ba.
Wannan ban rubuta ba.

An ɗage zuwa zama na gaba.
Hannuna ya san kalmomin,
yakan rubuta su ina kallon taga.

Aka raba lemo da biskit,
aka sa hannu a takardar alawus,
nan kam biro bai taɓa ƙin yi ba.

La'asar sakaliya na tari ɗan acaba.
Ina zuwa, Malam?
Layin Kwalbati, na ce,
don haka duk gari ke kiran wurin,
sunan ya riga aikin isowa.

Ya sauke ni a bakin kwata.
Katako biyu ne, na wani kafinta Tanimu,
ya shimfiɗa su ba tare da an zauna ba,
ba wanda ya goyi baya, ba wanda ya ƙi.
Hadari na haɗuwa ta gabas.
Na tattare riga, na matse fayil a hammata,
na taka.
Katakon ya lanƙwasa kaɗan, kamar mai gaisuwa,
ya san nauyina,
ya san nauyin abin da na ɗauko.