Kilo Takwas

Tikitinsa na ragowar kujera ne,
irin wanda ake karya wa farashi ana jibi tashi.
Ya sauka Sal da jakar hannu ɗaya
da awarwaron roba a wuyan hannu
mai cewa: ci, sha, an riga an biya.

Ni ke canza masa zanen gado
a ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu.
Kwana uku yana shanya bayansa a rana
har ya yi ja kamar ƙaguwar da aka tsamo daga tukunya.
Ran na huɗu ya tare ni a ƙofa:
"Zuleica, rawar nan da ake mana da dare,
ita ce taku ta ainihi?"

Na yi dariya har tsintsiya ta suɓuce.
Mai jan rawar ƙanwata ce, Edna,
kuma zanen da take ɗaurawa na otel ne,
ana ƙirga shi, a sa hannu, a mayar.

Na ce, Wouter, mai son ganin makwancin kifi
sai ya jiƙa wando.
Ƙarfe biyar motar ma'aikata ke tashi.

Ya matsu tsakanin mai wanke-wanke da mai gadi,
gwiwarsa a haɓarsa, har Espargos.
Unguwarmu ba ta da kwakwar ado.
Bulo ne tsirara, rodi na nuna sama,
yana jiran kuɗin 'yan ci-rani ya zama bene.
Ya zaro waya zai ɗauki hoto,
na miƙa masa jarka biyu:
tankar ruwa ta iso, layi ya yi nisa.

Kakata, Nha Bibia, ba ta tambayi sunansa ba.
Faranti ta ɗora masa a cinya,
ya tsince tsakuwa daga waken gobe.
Masara na kan wuta tun hantsi.
Babu kiɗa.
Akuyar maƙwabta ce kawai, da rediyo mai tari.

Sai da ya sha romo, gumi ya karyo masa,
ta ce in tambaye shi garinsu.
Ya ce, Rotterdam.

Ludayi ya tsaya a iska.

Autanta Nilton na can, shekara goma sha ɗaya,
yana kankare tsatsar jiragen ruwa.
Ta miƙe ba sanda, ba neman izini:
garin masara soyayye,
gwandar da ta dafa da sukari, kwalba biyu,
gwangwanin kifi huɗu,
da hular da ta saƙa wa jikan da ba ta taɓa goyawa ba,
wadda tabbas ta yi masa kaɗan yanzu.

Ya ce, cikin kunya, kilo takwas aka yarje masa,
tikitin araha ba ya ɗaukar kaya.
Ta dube shi kamar yaron da ya yi shirme:
"Gaya masa, a tsibirin nan
ba a tafiya hannu rabbana.
Duk mai tashi, shi ma jirgi ne."

Ran Asabar na buɗe ɗakinsa.
A kan gado, an jera su tsaf:
wando biyu, takalmin gudu,
littafin da bai wuce shafi na tara ba,
man shafawa na rana,
da sassaƙen fuskar da ya saya a bakin teku,
wanda ni na san a kwantena ya iso.

Bayan kwana shida waya ta yi ƙara.
Nilton ne, amma ya kasa magana.
Cokali kawai muke ji
yana karkare gindin kwalba.
Kaka ta manna wayar a kunne, ta rufe ido,
ta ce kowa ya yi shiru.

Takalmin ya yi wa mai gadi daidai.