Farashin Raɗa

Shekara talatin da huɗu na yi a jirgin dakon tama,
mu tashi daga Duluth, tafki ya ɗauke mu kwana da kwanaki,
ni ina can ƙasa inda rana ba ta leƙowa,
abokin hirata inji.

Shi ya cinye kunnuwana, cin gara, ba sallama.
Tsuntsaye ne suka fara yin shiru,
sai ƙararrawar ƙofa, sai wutsiyar kalmomi.
Na ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.
Verna ta ce, "Reino, shekara tara ina ihu a gidana,
ni fa na gaji."

Ba faɗan Verna ne ya karya ni ba.
Jikata Linnea ce, ranar da ta cika biyar,
ta ja kunnena da hannu mai danƙon alewa
ta zuba mini sirri.
Ɗumin numfashinta kawai ya iso.
Na gyaɗa kai, na yi dariyar da nake yi wa kowa.
Ta tsaya tana jira: "To, Kaka, ka yarda?"
Wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Ran Talata, dusar ƙanƙara har gwiwa, muka je.
Likita Odegaard ta rufe ni a ɗaki kamar akwati:
"In ka ji ƙara, danna."
Na zauna da maɓalli a hannu ina jiran a fara.
Ashe an daɗe da fara gwaji.

Ta jera na'urori uku a faranti,
kowace ba ta fi ƙwallon dabino ba.
Ta dama dala dubu shida, har da waya take gaisawa.
Ta hagu dubu biyu da ɗari takwas,
amma batirinta sai an canja da yatsu,
ni kuwa nawa rawa suke tun bara.
Ta tsakiya dubu huɗu da ɗari biyu,
ita kwana take a kan caji.

Verna ta kira kamfanin inshora.
Minti arba'in suna sa mata kiɗa,
sannan wata murya ta ce, "Ba ya cikin tsarinku."
Ban nemi ta maimaita mini ba.
Fuskarta na kalla, na ji.

Da dare muka baje takardu a teburin cin abinci:
fansho, man ɗumama gida, maganin hawan jini,
rufin da ke yoyo saitin gado.
Na haɗa, na cire, na sake haɗawa,
lissafi ya ƙi ƙarya.
Verna ba ta ce komai ba, ba ta ko ɗaga kai ba,
amma mu biyu mun san kwalekwalena
yana kwance cikin tamfol a gareji.

Maƙwabcina Wendell ya ba da dubu uku,
har da ƙugiyoyi da tsohuwar fitila.
Ya ce duk bazara in zo mu fita tare.
Na ce to. Ban raka shi bakin titi ba.
Ragowar ɗari-ɗari ce, wata goma sha biyu,
na sa hannu a wuri huɗu,
ba a ba ni ko kwabon canji.

Ta tsakiyar na ɗauka.
Da muka fito, ƙanƙara na kuka a ƙarƙashin takalmina,
siginar mota na ƙyas-ƙyas, jaridar aljihuna na ƙorafi.
A gida na zagaya ina neman wani gurnani,
ashe tun tuni haka yake yi, firji.

Verna ta ƙwala, "ZA KA SHA KOFI?"
Na dafe kai. Na ce, "A hankali, ina nan kusa."
Ta buɗe baki, ta rufe.
Ta nemi tsohuwar muryarta kamar mai laluben makulli,
da ta samo ta, rawa take, ta yi tsatsa.
Ta ce, "Reino."
Na ce, "Sake faɗa."
Ta ce, "Ba ka ji ba?"
Na ce, "Na ji."

Linnea kuwa ta manta sirrin.
Ta ce wai ko game da kare ne, ko kifi.
Ran Lahadi za ta zo da sabo.
Na wanke kunne, na saka na'ura tun asuba,
ga ni a kujera, ina jira in ji.