Tarun Kawu Sambo

Mai Wurno, bayan la'asar.
Kawu Sambo na ɗinkin taru a inuwar jirginsa,
ni kuma na sauko daga Hartum da jakar takardu
da tambayar da ta cinye allin malamanmu.

Ya ce, "Shekara shida, me kike karantawa?"
Na ce, "Rami."
Ya yi dariya har basilla ta faɗi a yashi.

Na ce tauraro ne, Kawu, mai nauyin gaske,
itacen wutarsa ya ƙare, ya rufta a kan kansa
kamar rumbun da gara ta ci wa ƙafa.
Yana ta shigewa ciki, yana shigewa,
har haske ma, in ya ratsa bakinsa,
ba ya sake ganin hanyar gida.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Gurbin ƙasan dutse ke nan."
Muka yi shiru.
Can ruwa ke juyawa kamar ana tuƙa tuwo,
can akwai layin da ba wanda ya zana:
ta wannan gefen filafili zai fisshe ka,
kamu ɗaya gaba, Bahar ya fi ƙarfin damtse.
Mudassir ya ƙara kamun, shekarar ambaliya.
Hularsa kaɗai aka tsinta wajen madatsar Sinnar.

Na ce ai nan rigimar take.
Dokar manyan abubuwa ta ce wanda ya shiga ya shiga.
Dokar ƙwayoyin zarra ta ce sam,
ba a goge rubutu a duniyar nan;
ƙona wasiƙa, toka da hayaƙi sun haddace ta,
mai karantawar ne dai babu.
Kowacce na da gaskiya a unguwarta,
a bakin ramin nan suke haɗuwa, ba sa gaisawa.

Kuma ramin yana tsattsafo, Kawu,
kamar randar da ke ƙofar masallaci,
ɗigo, sai an jima wani ɗigo,
har wata rana a wayi gari ba komai.
To, ɗigon nan yana ɗauke da labari,
ko kuwa zufa ce kawai?
Wasu sun ce lissafin duk abin da ya haɗiya
a fatarsa yake, ba a cikinsa ba.
Wasu sun ce sararin ma saƙa ne,
ƙulli bayan ƙulli, ƙanana ƙwarai,
kuma akwai ƙullin da ba ya ƙara matsuwa.

Nan ya dakata. Ya ɗaga tarun ga rana,
ya leƙa ni ta idanunsa.
"Lissafin naki ya ce yaron zai fito?"

Ba shi ba, Kawu. Labarinsa, a warwatse,
bayan shekarun da suka fi yashin nan yawa.
Shi ma ban gama tabbatarwa ba;
shafi na arba'in ya ƙi ni tun azumi.

Ya ce, "Mu ma an gaya mana za a tattaro,
ba da alli ba."

Mai jabana ta wuce, citta na bin ta a baya.
Ya miƙo min basillar, ya nuna inda ya yage.
Na ɗaura ƙulli, ya duba, ya kwance.
"Sake. Wannan ko ƙaramin karfasa zai wuce."